Wa Ya Ce Attahiru Makka Za Shi?

Ranar da labari ya fasu a Unguwar Lalle cewa Attahiru za shi Makka, ina tsakiyar tankaɗe. Na yi watsi da rariya, na rangaɗa guɗa har kajina suka watse. Attahiru fa! Ɗan Gwaggo Habi, taubashina, wanda tun muna yara nake kiransa bawana, shi ma yake kirana baiwarsa, kuma ba wanda ya taɓa sakar wa wani. A danginmu kaf ba a taɓa yin wanda ya taka ƙasa mai tsarki ba. Iyakar tafiyarmu Maraɗi, wanda ya kai Kano kuwa sai ya shekara yana ishe mu da labarin jirgin ƙasa.

Zamanin Turawa ne, an gama yaƙin Hitila ba da daɗewa ba. A lokacin mai niyyar hajji a ƙasa yake tafiya, da jakinsa da salkar ruwansa, ya yi shekaru a hanya, wani ya dawo wani shi ke nan. Saboda haka kafin ya tashi sai ya bi gida-gida yana neman gafara, ya rarraba abin da ba zai iya ɗauka ba. Duk ƙasar Gobir an san wannan.

Adda ce ta kawo mini labarin, tsohuwar da ke maƙwabtaka da gwaggona, wadda magana ba ta kwana a cikinta.

"Ke Tani, kin jiya?" in ji ta, tana haki. "Taubashinki gabas za shi! Gida-gida shika bi shina biɗar gahwara, ya ba Liman buzunai na salla, ya ba maƙeri garmatai. Ga ayarin mahajjata can garin Isa ana haɗawa. Mi kika so a hwaɗa miki kuma?"

"Shi yac ce miki?"

"Wa ka hwaɗin hajjinai da baki? Na tambaye shi yay yi shiru, ya sunkuyar da kai. Ai shi ke nan."

Ni ma na ce shi ke nan. Murnar kuwa biyu ce, don Attahiru ya daɗe yana ba mu tsoro. Da can falke ne mai jakai, yana kai goro Maraɗi ya dawo da kanwa da gishirin manda, ga baki kamar maroƙi. In ya shigo gidana ba ya fita sai ya kushe mini miya ya kuma sha kwano biyu. Sai shekarar sanƙarau ta zo ta ɗauke matarsa Saude da ɗansu a mako guda. Ya yi zaman makoki bai zubar da hawaye ba, kowa yana yaba haƙurinsa. Amma bayan an watse sai ya fara ja da baya. Ya daina fatauci, ya daina zama dandali. A kai masa tuwo da dare, a ɗauko shi da safe kamar yadda aka kai. Ya rame, gashi ya cika masa kai. In na je na zolaye shi sai ya dube ni kamar daga nesa, ya ce, "To, Tani." Mu kuwa muka ce a bar shi, lokaci magani ne. Damina biyu ta wuce, ƙannensa ke masa noma.

To ga shi yanzu, bayan an gama kaka, mutum ya tashi da kansa, ya yi aski, ya sa farar riga, yana murmushi yana gaisawa da jama'a. Wa zai ga wannan bai gode wa Allah ba?

Da yamma ya iso gidana. Na tare shi tun daga zaure.

"Bawana, ashe Alhaji za a koma ba a hwaɗa ma uwargida ba? To ka sani, ko da rawani awa na sarki kad dawo, ni ad da kai."

Na gyara tsayuwa ina jiran ramuwa, don na san bakinsa. Sai ya miƙo mini wata tasa ta marigayiya Saude, ya ce, "Tani, ki gahwarta min abin da duk niy yi miki."

Na ce na yafe, na kuma ƙara da cewa in ya isa ya roƙa mini Allah ya raba ni da miskilin taubashi. Ya yi murmushi ya juya. Raina ya ɗan sosu da bai rama ba, amma na ce mai shirin zuwa ɗakin Allah ai dole ya rage wasa.

Kafin ka ce kwabo gari ya ɗauka. Gwaggo Habi ta sa ranar walima, ta ce a yanka ragonta. Mata suka raba aiki, wasu dakan gero, wasu suyar gyaɗa. Ni na ce guzuri nawa ne, kada wadda ta sa mini hannu. Dakuwa zan yi masa da ƙuli-ƙuli da garin yaji wanda zai kai shi har bakin teku yana tuna ni yana tari. Mijina Illo ya ce tunda ya aure ni bai taɓa ganin na yi masa irin wannan rawar jiki ba. Na ce ya yi niyyar Makka ya gani.

Ana gobe walima ta kama ranar kasuwar Sabon Birni, na yi sammako don in sayo dabino da citta. Kasuwa ta cika maƙil, ga Buzaye da raƙuma, ga Fulani da nono, ga mutanen Maraɗi da ke ƙarƙashin Faransa da atamfofinsu. Duk wanda na sani sai na tsayar da shi na gaya masa ɗan'uwana za shi Makka. Har wadda ban sani ba na gaya wa.

Ina ratsawa ta wajen masu dabbobi sai na ga wani jaki fari mai tsagaggen kunne. Na tsaya. Ko cikin jakai dubu na san wannan, shi ne babban jakin Attahiru, wanda yake cewa ya fi ni hankali. Lawwali mai sayen fata ne ke riƙe da shi. A wuyan jakin ga salkar Attahiru a rataye. Na dubi ƙafar Lawwali, sai ga takalman fatauci na Attahiru, masu kaurin ƙasa, waɗanda aka ɗinka masa a Maraɗi.

"Lawwali, ina kas samu wanga jaki?"

"Kyauta ta, Tani. Shi da salka da takalma duka. Allah dai shi kai shi lahiya, mutumen kirki."

Kafin in ce wani abu sai wani dattijo mai jan rawani ya matso yana shafa bayan jakin, yana tambaya ko na sayarwa ne. Lawwali ya ce mini wannan shi ne madugun ayarin mahajjata, daga Isa ya zo neman dabbobin hanya. Na durƙusa na gaishe shi, na ce ai ɗan'uwana na cikin mutanensa, Attahiru na Unguwar Lalle.

Dattijon ya dube ni. Ya ce, "Ɗiyata, mutanena duk na san su, da su da ubanninsu. Babu Attahiru cikinsu, ba wanda yaz zaka min daga Unguwar Lalle. Kuma in shi ad da wanga jaki, to ba gabas za shi ba. Mai zuwa gabas shina rabuwa da gona, shina rabuwa da gida, amma ba shi rabuwa da jaki da salka da takalmi."

Komai ya dawo mini a lokaci guda, tuwon da ake ɗaukowa ba a taɓa ba, da ramar, da tasar Saude, da murmushin nan da ba ramuwa a bayansa. Mutum ya ba da garmarsa, ya ba da takalmansa, ya nemi gafarar kowa, kuma ba ayarin da ke jiransa. To ina za shi?

Ban tsaya neman izini ba. Na fizge igiyar daga hannun Lawwali, na ɗare bayan jakin nan da ni da kwandona. Lawwali yana ihu, 'yan kasuwa suna dariya, wai ga mace ta yi fashin jaki da rana tsaka. Ni da rabona da hawan jaki tun ina budurwa! Dabinon da na saya ya yi ta zuba a hanya ban waiwaya ba. Jakin ma kamar ya san inda za mu, bai tsaya cin ciyawa ko sau ɗaya ba.

Na iso bayan la'asar. Gidan Gwaggo Habi ya kacame, luguden taɓare yana tashi, 'yan mata suna waƙa, an ɗaure rago a gindin itacen bedi, Adda tana tsakiya tana ba da umarnin da ba wanda ya tambaye ta. Na tambayi Attahiru, aka ce yana sashensa yana hutawa, kada a dame shi. Na wuce su na kutsa.

Ɗakinsa a share tas, ba komai ciki sai tabarma. Na same shi a bayan ɗaki, zaune kusa da turakun jakai da ba jaki ko ɗaya, ya zuba wa ƙasa ido. Wallahi da na gan shi da rai sai na zauna a gabansa ba shiri.

"Na ga madugu," na ce. "Bai san ka ba."

Bai ɗago ba.

"Na ga jakinka, na ga salka, na ga takalma ga ƙahwar Lawwali."

Ya ci gaba da kallon ƙasa.

A wajenmu akwai maganar da ba a furtawa. Ana ganin faɗinta kamar kiranta ne. Ƙanwarsa ba za ta iya ba, aboki zai ji nauyi, uwarsa kuwa, da yake shi ɗan farinta ne, ko sunansa ba ta kamawa. Amma taubashi an ba shi bakin da ba a ba kowa ba. Shekara da shekaru ina kashe wannan dama a kan kushe masa hanci da jakai. Ranar nan na ce bari in yi abin kirki da ita.

"Attahiru," na ce. Ya ɗago da sauri, don bai taɓa jin sunansa a bakina ba. "Tambaya za ni yi maka, kuma babu wasa ciki. Kashe kanka kaka son yi?"

Na zaci zai yi fushi, ko ya ce na haukace. Amma ba haka aka yi ba. Mutumin da bai yi kuka a kan kabarin ɗansa ba ya kifa kai a gwiwa ya fashe da kuka, irin wanda ke fitowa tun daga ciki. Na bar shi ya yi. Can gaba ana ta lugude ana guɗa.

Da ya sami numfashi ya ce, "Na gaji, Tani. Ba inda ka yi min ciwo ga jiki, amma in gari ya waye ji nikai awa an aza min dutsen niƙa bisa ƙirji. Ban jin daɗin tuwo, ban iya kwana. Na zama kaya ga Inna da ƙannena. Ni ban ce ma kowa Makka za ni ba. Da Adda tah hwaɗa, sai nig ga kowa na murna, nic ce a bar su. Gobe su yi min rakiya, su koma gida, su yi zaton ina hanya. Ba wanda za shi biɗa ta, ba wanda za shi jin kunya sabadda ni."

Ashe da hannunmu muke shirya masa, da kiɗa da rago, har da dakuwata.

"Ka ji ni da kyau," na ce. "Kai ba kaya ba ne, ciwo gare ka. Na ji daɗi da kah hwaɗa min. Ban tashi nan in bar ka, ko za a shekara. Amma ni ɗaya ban iyawa. Wa kaka yarda in kira?"

Ya ce, "Illo. Da Liman."

"Da Gwaggo."

"Inna ko duba na ba ta yi, Tani."

"Wannan kunya ta, ba ƙiyayya ba. Bari ka gani."

Na leƙa ta kan darnin kara na sa aka kira mini Illo daga wajen masu gyaran rumfa. Da ya zo na gaya masa a gaban Attahiru, ba ɓoye-ɓoye. Illo mutum ne mai ƙarancin magana, abin da ke ba ni haushi kullum, amma ranar ya yi mini rana. Ya zauna kafaɗa da kafaɗa da shi, ya dafa masa gwiwa, ya ce, "Ina nan." Sannan na je na jawo Gwaggo gefe na gaya mata.

Ta saki ludayin da ke hannunta. Tsohuwar nan da ba ta taɓa taka sashen ɗanta na fari ba, ta ratsa tsakar gida ba ko mayafi, ta tsaya a kansa, ta buɗe baki ta ce, "Attahiru." Ta sake cewa, "Attahiru, ɗana." Ta durƙusa ta kama kansa da hannu biyu. "In kat tahi, wa kab bar ma ni? Kunya ta ci gidansu." Ni da Illo muka kau da kai, muna sharar ido.

Liman Ɗanmusa ya iso. Na ji tsoron zai fara da wa'azin wuta, har na shirya bakina. Amma da ya gama saurare sai ya ce, "Mai ciwo anka nuna muna, ba mai laihi ba. Zuciya na ciwo awa yadda ƙahwa ka ciwo. In mutum ya kwanta da damana, mi muka yi ma gonatai?"

Illo ya ce, "Gayya."

"To gayya za mu yi."

Liman ya fita ya gaya wa taro cewa Attahiru ba shi da lafiya, tafiya ta fasu, bai ƙara komai a kai ba. Adda ta ce ita dama ta ga alamar iska a idonsa, wata ta ce sammu ne. Na ce musu duk wadda ta san maganin iska ta fara da na bakinta. Ragon dai an yanka shi, aka yi sadaka, aka kai wa mai ciwo romo. Ya sha kaɗan, Gwaggo tana riƙe da kwanon.

Gayyar kuwa ta zama ce. Aka kwashe duk abin da zai iya cutar da kansa da shi. Illo da ƙannensa da abokan fataucinsa suka riƙa karɓa-karɓa, ba a barinsa shi kaɗai, dare da rana. Illo da Liman suka raka shi asibitin Isa. Malamin asibitin ya ce ya sha ganin irin wannan, har a wajen sojojin da suka dawo daga yaƙin Bama. Ya ce ba hauka ba ne, ciwon damuwa ne, kuma ana warkewa. Ya ba da maganin da zai taimaka masa ya yi barci, ya ce a riƙa fita da shi yana taka ƙasa, a ba shi ƙaramin aiki, a bar shi ya yi maganar matarsa da ɗansa in yana so, a kuma riƙa dawo da shi yana dubawa.

Ba zan ce abin ya tafi sumul ba. Wata rana ya ci tuwo har ya nemi ƙari, mu yi ta murna, washegari ya juya fuska ga bango ya ƙi kowa. Ni kuwa kullum ina can. In ya yi shiru in yi shiru, abin da Illo ya ce bai san na iya ba. Wata rana ya fara ba ni labarin yadda ɗansa ke kiran jaki, muka yi dariya, muka koma kuka.

Da rani ya yi nisa, shi da kansa ya ce wa Liman ya gaya wa mutane gaskiya, ko wani zai amfana. Ranar Juma'a Liman ya tsaya ya faɗa. Ya ce wanda duk ya ga ɗan'uwansa ya janye daga mutane, ya bar abinci, ya bar sana'a, ko ya tashi rana ɗaya yana rabon kayan aikinsa yana sallama, to kada ya tsaya zato. Ya je ya zauna ya tambaye shi da baki, ya ji amsa da kunnensa, kada ya bar shi shi kaɗai, a nemi magani. Maganar ta kai har garin Burkusuma a bakin fatake. Bayan haka mata suka fara zuwa gidana a asirce, wannan ta ce mijinta ya daina magana, waccan ta ce 'yarta tun da ta haihu ba ta dariya. Har Adda ta zo, a kan jikanta, kuma ranar a hankali ta yi magana. Nakan ce musu ni ba malamar asibiti ba ce, amma ku tashi mu je mu tambaya.

Ana nan sai ga hadari ya haɗo daga gabas wata ranar da hantsi. Iska ta kaɗa, aka kece da ruwan fari kamar da bakin ƙwarya. Gari ya rikice da murna, yara suna tsalle cikin ruwa, mata suna tara tukwane, maza suna ciro sungumi daga rataya. Ruwa na ɗaukewa kowa ya nufi gona, don shuka ba ta jiran kowa. Ina tsakar gida ina ɗaura zane in bi Illo, sai na ji sallama a zaure.

Attahiru ne. Har yanzu da sauran rama, rigarsa ta jiƙe sharkaf, ƙafarsa duk laka. Sungumi yana kafaɗarsa, ƙwaryar irin gero tana hannunsa.

"Tani," ya ce, "na tahi gona, na sara rami, sai nit tuna babu mai bi na da iri. Saude ce ka bi na."

Na dubi Illo. Ya ce, "Tahi. Tamu gona ta kwana."

Na karɓi ƙwaryar. Muka isa gonar, ƙasa tana ƙamshi, ko'ina mutane suna kiran juna suna barka da ruwa. Ya ɗaga sungumi ya sara, ya yi taki ya sake sarawa. Ni ina biye, ina jefa iri ina rufewa da diddige, hawaye suna hana ni ganin ramin. Da muka kai ƙarshen layi ya tsaya, ya waiwayo ya dubi inda muka baro, ya dubi sauran gonar da ba a taɓa ba.

"Wagga gona ba ta ƙarewa yau," ya ce. "Gobe ki zaka da wuri."